Kebbi na ɗaura aure, amma wa ke koyon gyara shi?

A Sharabi, kamar sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Bagudo, idan mace ta yi yaji kowa ya san hanyar da maganar za ta bi. Za ta kwana biyu a gidan iyayenta, miji ya turo yayansa ko amininsa biko. Idan abin ya ƙi, waliyyai su zauna. Idan ya gagare su a kai wa liman, daga nan sai gidan mai gari, sai hakimi. Alƙali ne zangon ƙarshe, kuma mutanen karkara ba sa son a kai can, domin suna ganin auren da ya je kotu, ko ya dawo ba ya komawa daidai.

Wannan tsari ya riƙe gidaje masu yawa shekara da shekaru, kuma duk wanda ya raina shi bai san ƙauye ba. Sai dai akwai irin matsalar da take bi ta hannun duk mutanen nan ta wuce ba wanda ya gane ta.

A ɗauki misalin yarinya mai haihuwar fari. An yi suna lafiya, an gama wankan jego, ta koma ɗakinta. Bayan 'yan makonni sai barci ya ƙaurace mata, ta riƙa kuka ba dalili, girki ya gagare ta, jaririn ma sai an matsa mata take ba shi nono. Miji ya tafi cin rani. Uwar miji ta ce raini ne da son jiki. Mahaifiyarta ta ce sammu ne ko iska, a nemo hayaƙi da rubutu. Da miji ya dawo aka zauna, dattawa suka yi nasiha, aka ce ta yi haƙuri, shi ma ya yi haƙuri. Bayan wata biyu aka sake zama. A karo na uku takarda ce ta biyo baya.

Babu mugu a cikin mutanen nan. Kawai ba a taɓa koya wa ko ɗaya daga cikinsu cewa akwai ciwon damuwa da ke kama mata bayan haihuwa, yana da alamomi sanannu, kuma yana warkewa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana shiga irin wannan hali bayan ta haihu.

Shi ya sa lokaci ya yi da Jihar Kebbi za ta ɗauki gyaran aure a matsayin sana'ar da ake koyo a jami'a, da digiri na biyu, da horo a aikace, da lasisi, sannan ta tura waɗanda suka koya zuwa wurare irin su Sharabi, su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da dattawan da ke riƙe da wannan nauyi tun asali.

Kuɗin ɗauri akwai, na gyara babu

Gwamnatocin Arewa sun nuna cewa aure yana cikin lissafinsu. Kano ta fara auren zawarawa a 2012 ta hannun Hukumar Hisba, kuma a watan Oktoban 2023 ta ɗaura auren ma'aurata 1,800 a lokaci guda. A Kebbi ma gwamnatin Nasir Idris ta ɗauki nauyin auren gata na ɗaruruwan ma'aurata, an biya sadaki, an ba da kayan ɗaki. A 2024 Kano ta ƙara da dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure.

Duk waɗannan matakai suna tsayawa ne a bakin ƙofar ɗaki. Gado da katifa da buhun shinkafa suna sauƙaƙa ranar tarewa, amma ba su da abin cewa ranar da miji ya fara shan ƙwaya, ko ranar da aka shekara huɗu ba haihuwa dangi suka fara habaici, ko ranar da amarya ta shigo uwargida ta daina cin abinci.

Tun a watan Janairun 2009 ƙungiyar zawarawa da marayu da Hajiya Altine Abdullahi ke jagoranta ta shirya gangami a Kano kan yawan sakin aure, Hisba ta hana. Daga lokacin zuwa yau an yi wa'azi, an yi taruka, an yi fina-finai a kan matsalar. Abin da aka yi ƙarancinsa shi ne horar da mutanen da za su zauna da miji da mata a ɗaki ɗaya, mako bayan mako, har a gano inda ruwan ke shiga.

Yadda ake koyon sana'ar a wasu wurare

A Amurka wannan fanni ya daɗe da zama sana'a mai zaman kanta. An kafa ƙungiyar masu yin ta a 1942, Jihar Kalifoniya ta fara ba da lasisi a 1963, kuma zuwa 2009 duk jihohin ƙasar 50 sun yi dokar da ta tsara aikin.

Mai son shiga sai ya gama digirin farko, sannan ya yi digiri na biyu na shekara biyu zuwa uku. A cikin karatun yana shafe ɗaruruwan sa'o'i yana zama da ma'aurata da iyalai na gaske, wani babban malami yana bibiyar yadda ya yi tambaya, da inda ya yi shiru, da inda ya karkata ga ɓangare ɗaya bai sani ba. Bayan ya kammala ma ba a sakar masa mara ba. Sai ya ƙara kimanin shekara biyu yana aiki ƙarƙashin kulawar wani, ya ci jarrabawa, kafin a ba shi lasisi. A Kalifoniya sa'o'i 3,000 ake nema.

Tushen karatun abu ne da Bahaushe zai gane nan take: matsalar mutum ɗaya a gida ba tasa ba ce shi kaɗai. Yaron da ya ƙi makaranta, wataƙila rigimar iyayensa yake ɗauke da ita. Matar da ake cewa ta fiye faɗa, wataƙila ita ce kaɗai ke furta abin da kowa a gidan ke haɗiyewa. Ana koya wa ɗalibi ya zana taswirar dangi har zuwa kakanni, ya ga wa ke jin maganar wa, wa aka ware, wane irin saɓani ne ke maimaituwa daga uwa zuwa 'ya.

Idan akwai wurin da irin wannan ilimi zai yi aiki sosai, to gidan gandu ne, inda miji da matansa biyu da mahaifiyarsa da ƙannensa da matansu ke zaune cikin katanga ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya.

Abin da ke ƙasa a Najeriya

Ba daga tushe za a fara ba. An kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, CASSON, tun 1976. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya duk suna ba da manyan digirori a fannin jagoranci da ba da shawara. A 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu wannan aiki rajista da sa musu ido. A Janairun 2023 kuma ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Giɓin yana cikin manhaja. Fannin ba da shawara a Najeriya a makaranta aka haife shi, a tsangayar ilimi ya girma, kuma mafi yawan nauyinsa na kan ɗalibi ne: zaɓen darussa, zaɓen sana'a, ladabi, fargabar jarrabawa. Batun aure da iyali yakan zo ne a matsayin kwas ɗaya ko biyu a cikin jeri. Mutum zai iya fita da digiri na biyu, ya rubuta kundin bincike a kan sakin aure, amma bai taɓa zama tsakanin miji da mata masu hayaniya wani gwani yana kallon yadda zai yi ba.

Ta ɓangaren asibiti kuma hannu ya yi kaɗan. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma mafi yawansu a manyan birane suke. Mutumin Bagudo da ke neman asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya sai ya ratsa Kebbi ya wuce Sakkwato zuwa Kware. Ba wanda zai yi wannan tafiya don matarsa ta daina yi masa magana.

Inda ƙwararru suka yi ƙaranci, wasu ne ke cike gurbin. Yau duk mai wayar hannu ya san masu kiran kansu malaman zamantakewar aure a TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp. A cikinsu akwai masu kyakkyawar niyya. Akwai kuma waɗanda shawararsu ke ƙarewa da lambar asusu da tallan kayan mata, da masu karanta sirrin gidan mutane a bainar jama'a don tara mabiya. Matar da ta tura musu saƙo daga ƙauye ba ta da wurin kai ƙara idan sun cuce ta.

Abin da ya sa Bagudo ta bambanta

Sharabi/Kwanguwai ɗaya ce daga mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Bagudo, a masarautar Gwandu. Ƙaramar hukumar na kan iyakar Jamhuriyar Benin, Kogin Kwara ya ratsa ta, Lolo da Tsamiya garuruwan bakin iyaka ne, kuma ta Tsamiya ake shiga yankin Segbana. Wannan zama na kan iyaka yana shiga cikin ɗakunan aure ta hanyoyi uku.

Na farko shi ne doka. Dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu, ana auratayya, ana zuwa suna da ta'aziyya. Amma tun 2004 dokar iyali ta Benin auren mace ɗaya kaɗai ta amince da shi a hukumance, alhali a Kebbi kotunan shari'a na hukunci ne da fiƙihun Malikiyya. Idan auren da ya haɗa ɓangarorin biyu ya mutu, maganar riƙon 'ya'ya da ciyarwa da gado takan zama ta ƙasa biyu. Mai sulhun da bai san haka ba zai iya yanke shawarar da za ta raba uwa da 'ya'yanta ba tare da nufinsa ba.

Na biyu shi ne harshe da al'ada. Ban da Hausawa da Fulani, a yankin akwai masu jin Dandanci da Zabarmanci, da Busawa da Kyangawa a wajen Illo. Bafulatanar da kunya ta hana ta kiran sunan mijinta ba za ta zayyana matsalar shimfiɗa ta bakin tafinta ba. Dole mai sauraronta ya ji harshenta, ya kuma san abin da shirunta ke nufi.

Na uku shi ne abinci. Noman shinkafa da albasa, kamun kifi, kiwo da fataucin kan iyaka su ne ke ciyar da gidaje. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, masu abin hawa da 'yan dako da ƙananan 'yan kasuwa ne suka fara ji a jikinsu. Haka abin yake duk shekarar da ambaliya ta cinye gonakin fadama. Magidancin da ya kasa cefane sau da yawa ba ya cewa ya kasa, sai dai ya zama mai faɗa, ko ya yi nisa da gida. Rigimar da ake kai wa liman da sunan rashin ladabi, wani lokaci asalinta kunyar aljihu ce.

“Ai akwai malamai da dattawa”

Wannan ce hujjar farko da za a kawo, kuma tana da nauyi. Sulhu tsakanin ma'aurata umarni ne na addini. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tsara cewa idan aka ji tsoron ɓaraka a naɗa mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, kuma malaman Malikiyya sun yi bayani mai faɗi kan sharuɗɗan waɗannan mutum biyu, ciki har da adalci da sanin abin da aka ɗora musu.

To sanin ne ake magana a kai. Liman ya san hukuncin saki da idda da kome da hul'i, kuma ba wani mai digiri da zai karɓe masa wannan. Amma karatun zaure bai tanadi yadda ake gane alamun wanda ke tunanin kashe kansa ba, ko yadda tiramadol ke canza halin mutum, ko cewa a kusan rabin matsalolin rashin haihuwa akwai hannun ɓangaren namiji. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 a Najeriya na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Da yawansu mazan aure ne, wasu matan aure ne.

Akwai kuma abin da mace ba za ta iya faɗa a zauren mai gari ba, gaban kawunta da surukinta. Matar da ta samu yoyon fitsari wajen haihuwa, kafin ta isa cibiyar Gesse da ke Birnin Kebbi a yi mata aiki, sau da yawa auren ya riga ya girgiza, kuma bayan an sallame ta babu mai zama da ita da mijin a kan yadda za su ci gaba. Irin wannan magana sai a ɗaki, da wadda aka horar kan riƙe sirri.

Hujja ta biyu ita ce wannan karatun Turawa ne, zai zo da tarbiyyar da ba ta nan ba. Tsoron yana da tushe idan aka kwafo manhajar Amurka yadda take. Littattafansu ba su san kishiya ba, ba su san rabon kwana ba, ba su san facala ba, kuma sukan ɗauki shigar uwar miji cikin harkar gida a matsayin cuta, alhali a nan wani lokaci ita ce ginshiƙin gidan. Maganin wannan shi ne jami'o'in yankin su rubuta tasu manhajar, malaman fiƙihu da na halayyar ɗan Adam da likitoci su zauna a teburi ɗaya.

Darasin jajojin Nana Asma'u

Ko an buɗe kwas ɗin gobe, Kebbi ba za ta samu mai digiri na biyu a kowace mazaɓa cikin mazaɓunta 225 ba. Amma ba a buƙatar hakan, kuma tarihin yankin ya riga ya nuna hanya.

Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta fuskanci irin wannan matsala a ƙarni na 19: malamai kaɗan, matan karkara masu yawa. Sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijan mata masu mutunci a garuruwansu, ta koyar da su, ta naɗa su jajoji da malfa a ka, su koma ƙauyuka su koyar, su dawo mata da tambayoyin da suka fi ƙarfinsu. Gwana ɗaya a tsakiya, amintattu da yawa a gefe, da zirga-zirga a tsakaninsu.

Ilimin zamani ya dawo kan wannan dabara. A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su riƙa zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, zama shida, bisa tsarin da aka koya musu, ƙwararru na duba aikinsu. A gwajin da aka wallafa a 2016 kan mutum fiye da 500 a Harare, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a ɗaya rukunin kusan rabi ne. Tun kafin nan, Salvador Minuchin, ɗaya daga iyayen wannan fanni, ya horar da mutanen unguwannin talakawa a Filadelfiya, waɗanda ba su da digiri, suka zama masu aiki da iyalai.

Ma'anar wannan ga Bagudo a fili take. Ƙwararru biyu, mace da namiji, za su iya zama a hedikwatar ƙaramar hukuma, su horar da limamai, da malaman Islamiyya mata, da ungozomomi, da ma'aikatan lafiya na matakin farko, da jami'an Hisba, kan abubuwa ƙalilan masu muhimmanci: yadda ake sauraron kowane ɓangare shi kaɗai kafin a haɗa su, alamomin da ke nuna a tura asibiti, da alamomin da ke nuna rai na cikin haɗari. Ranar kasuwa su zagaya, a kawo musu abin da ya gagara. Digiri na biyun na masu horarwa ne da sa ido, domin tsarin jaji ba ya tsayuwa sai da malama a tsakiya.

Abin da ya kamata kwas ɗin ya ƙunsa

Kebbi na da Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi da jami'ar jiha a Aliero, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu da kwalejin kimiyyar lafiya a Jega. Ɗaya daga jami'o'in, da haɗin gwiwar ta Sakkwato wadda ta riga ta tara malamai a fannin, za ta iya neman amincewar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta buɗe digiri na biyu na shekara biyu.

Shekarar farko ta aji ce: halayyar ɗan Adam daga yarinta zuwa tsufa, tsarin iyali, fiƙihun aure da saki da riƙon yara, dokokin ƙasa da na al'ada da auren coci saboda yankuna irin su Zuru, lafiyar haihuwa, sikila, shaye-shaye, da ladubban riƙe sirri. Shekara ta biyu ta fili ce: kotun shari'a, ofishin Hisba, sashen masu juna biyu, ofishin jin daɗin jama'a, da aƙalla zango ɗaya a ƙaramar hukumar karkara. Kada a ba kowa shaida sai ya cika adadin sa'o'in zama da iyalai da aka ƙayyade, da sa hannun mai duba shi.

A buɗe ƙofa ga masu digirin shari'a da nazarin addinin Musulunci da aikin jinya da ilimin zamantakewa. Masu babbar difloma daga kwalejojin kimiyya da fasaha su shigo ta diflomar gaba da digiri. A ware aƙalla rabin gurabe ga mata, a fifita masu jin Fulatanci ko Dandanci ko Zabarmanci, kuma a tsara lokutan karatu yadda matar aure mai goyo za ta iya.

Iyakar sulhu

Akwai abu ɗaya da horo ke koyarwa wanda kyakkyawar niyya kaɗai ba ta koyarwa, shi ne sanin lokacin da ba a cewa a koma. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun fuskanci duka, ko tilastawa, ko cin mutunci daga miji, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba.

A fannin, ƙa'ida ce cewa idan akwai duka mai tsanani da tsoro ba a haɗa miji da mata a zama ɗaya, domin abin da ta faɗa da rana za ta biya shi da dare. Shari'a ma ta ba alƙali ikon raba aure saboda cutarwa, kuma Najeriya na da dokar hana cin zarafi ta 2015 wadda Kebbi ta amince da ita. Saboda haka kada a auna aikin waɗannan ƙwararru da yawan matan da suka mayar ɗaki. Wani lokaci nasarar ita ce a rabu cikin mutunci, a rubuta wa zai riƙe yara, nawa ne kuɗin ciyarwa, yaushe uba zai gan su.

Wa zai ɗauke su aiki?

Tambayar da ta fi kowace wuya ke nan, domin Arewa ta gaji da kwasa-kwasan da ke ƙarewa a zaman kashe wando. Manomi a Sharabi ba zai biya kuɗin ganin mashawarci ba, kuma bai kamata a nema a wurinsa ba. Aikin na gwamnati ne, kamar na malamin asibiti da malamin gona.

Lissafin bai fi ƙarfin jiha ba. Ƙananan hukumomi 21, mutum biyu kowace, mutum 42 ke nan. Jiha za ta iya ɗaukar nauyin karatunsu da sharaɗin kowa ya yi shekara uku a inda aka tura shi, ta zaɓo su daga ma'aikatan da tuni suke karɓar albashi a ma'aikatun mata, lafiya, ilimi da shari'a, sannan ta ƙirƙiri matakin aiki mai suna da ƙarin girma domin kada su gudu birni. Asusun TETFund na ɗaukar nauyin ƙaro karatun malaman manyan makarantu, ta nan za a iya samar da masu koyarwar farko.

Kuma ga wurin gwaji a hannu. Duk ma'auratan da gwamnati ta yi wa auren gata an san sunayensu da garuruwansu. A sa zama uku kafin ɗauri, da ziyara bayan wata uku, da wata shida, da shekara guda. Bayan shekara biyu a fito a faɗa wa jama'a aure nawa ne ke nan, nawa suka mutu, kuma me ya kashe su. Wannan kaɗai zai ba jihar alƙaluman da za ta yi tsari da su, maimakon ƙiyasin da ake yawo da shi a wajen taro.

Gwamnan Kebbi malamin makaranta ne da ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, ya san bambancin wanda ya iya karatu da wanda aka horar ya koyar. Masarautar Gwandu, gidan Abdullahi ɗan Fodiyo, tana da hakimai da dagatai da limaman da sulhu ke hannunsu kullum. Idan ɓangarorin biyu suka kira jami'o'i aka zauna, rukunin farko zai iya fita fili cikin shekara uku.

Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, in ji Hausawa, kuma ba digirin da zai hana miji da mata saɓawa. Abin nema shi ne idan yarinya mai jego a Sharabi ta daina barci ta fara kuka, a samu ko mutum ɗaya cikin masu zaman sulhun da zai ce a dakata da maganar takarda, a fara kai ta a duba ta.